Abin da Ke Ƙarƙashin Yadi

Ranar Lahadi na same ta a kasuwar gwanjo,
gindin tudun Valparaíso, tsakanin mataccen rediyo
da tulin takalma marasa 'yan'uwa.
Ƙafa uku a ƙasa, ta huɗun a kan cinyarta
kamar mai jiran likita.
Mai ita ya ce dubu takwas. Na ce biyar.
Ya ce, "Don Nibaldo, ɗauke ta, ta ishe ni."

Matakala ɗari da sha bakwai zuwa ƙofata.
Na goya ta, ina hutawa duk bayan ashirin,
iskar teku na tura mu, karnuka na rakiya.
Uberlinda ta leƙo ta taga, tana shanya:
"Wata kuma? Mutum ɗaya, kujera bakwai?
Mazaunai nawa Allah ya ba ka?"
Ban tanka ba. Numfashin bai kai ba.

Shekara talatin da ɗaya na yi a kwastan
ina buɗe akwatunan mutane ba da son ransu ba.
Yanzu da fansho ya zaunar da ni
sai na nemi izini kafin in sa filaya.

Ƙusa ɗari biyu da 'yan kai,
kowace da tsatsarta, kowace da taurin kanta.
Na yaye koren yadi, sai ga ja.
Na yaye jan, sai ga mai furanni
wanda ya manta kamannin rana.
Ashe kujera ma riga kan riga take yi.
Daga cikinta: gashin doki, ƙura,
tikitin bas, maɓalli, ƙwallon zaitun,
da tsinken gashi guda, a lanƙwashe.
Na jera su a faranti.
Ban san na wa ba ne, na kuwa kasa zubarwa.

Sai samfefa, kwana huɗu cur.
Tsohon fenti ya yi ta zuba a kan takalmina
har katakon ya buɗe ido, ja-ja,
da ƙamshin daji bayan ruwa.
A hannun dama akwai ɗan kwarmi
daidai babban yatsa,
inda wani ya yi ta murzawa shekara da shekaru
yana jiran jirgi, ko ɗa, ko labaran dare.
Na ɗora nawa. Ya zauna cif.
Nan wurin ban goge ba.

Daren Laraba ƙasa ta ɗan motsa, yadda ta saba.
Kofuna suka yi ta gulma a kan kanta,
ita kuwa, gam a gwiwa, igiya a ƙugu,
ko gezau.

Da na kife ta zan ja sabuwar ɗamara
na ga rubutun fensir a jikin katako:
"Eleodoro Cárcamo ya gyara, lokacin sanyi, 1958."
A ƙasansa wani hannu, ƙananan haruffa:
"Ni ma. Fresia, 1983. Sifirin biyu na canza."
Na daɗe a tsugune.
Duk zatona ni kaɗai ne a ɗakin.

Na fiƙe fensir, na sa sunana da shekara,
na ƙara: "Ƙafar baya ta hagu baƙuwa ce,
a yi haƙuri da ita."
Na bar fili a ƙasa, faɗin tafin hannu.
Sannan na ja shuɗin yadi na lulluɓe mu, mu uku,
basilla na gaba, zare na bin sawu,
guduma na ƙirga abin da ya rage.

Da yamma Uberlinda ta hauro da burodi mai zafi.
Ba ta jira tayi ba, ta zauna.
"Nawa?" in ji ta.
Na ce ba ta sayarwa ba ce.
Ta ce to.
Na ɗora ruwan shayi. Da na juyo
jiragen ruwa sun kunna fitilu a can ƙasa,
babban yatsanta kuwa
ya riga ya sami wurin.