Farar Ƙasa a Bayan Shinge

Makullin nan ya fi ni daɗewa a gidan nan,
yana rataye a ƙusa, bayan ƙofar kicin,
tun zamanin kakana Ambrose, mai tumaki dubu huɗu,
wanda ya ja waya daga bakin titi har gaɓar rafi
ya ce daga yau nan nasa ne.
Na gaji wayar, na gaji tumakin,
ban taɓa tambayar wa aka kora ba
kafin garken farko ya sa baki a ciyawa.

Jikata Imogen ce ta kawo takarda daga makaranta.
Za su zana bangon ɗakin karatu,
Gwaggo Noelene za ta koya musu,
tsohuwar nan Bawirajura da ke zaune bayan layin dogo.
Ta ce fentin kanti ba zai yi ba.
Farar ƙasa take so, da ja, ta gaɓar rafi,
gaɓar kuwa tana cikin shingena.

Kwana uku ina juya takardar kamar waina.

Ran Asabar suka iso a motar makaranta,
yara goma sha bakwai, bokiti shida,
da ita, da sandarta ta ƙarfe, da hular rana.
Kwaɗon ya ƙi buɗuwa, tsatsa ta cinye shi,
sai da na sa guduma.
Ba ta ce komai ba. Kallon hannuna kawai take yi.

Ta wuce gabana, a gonata,
ni mai gona ina bin sawunta kamar baƙo.
Ta tsaya gindin tsohon turaren nan
mai dogon tabo a ciki,
wanda na sha gaya wa 'ya'yana tsawa ce ta faɗa masa.
Ta shafa tabon, ta yi ɗan murmushi.
"Tsawa ba ta iya yanka haka ba.
Ɓawon aka ɓare, aka yi kwalekwale.
Kakata ta shige shi tana yarinya."
Shekara sittin ina shan inuwar wasiƙa
ban san rubutu ne ba.

Ta koya wa yara sunan kogi: bila.
Na gwada, ya karye a bakina,
Imogen ta gyara mini, sau biyu, ba kunya.
Ta ce ita ma, Gwaggon, da furfura ta koyo shi,
don ranar da mota ta zo ta ɗauke ta daga hannun uwa
tana da shekara biyar,
kuma inda aka kai ta, harshen nan bulala yake jawowa.

Bashi hanji ne, na sani.
Na cire hula, na ce mata, "Ki yi haƙuri."
Kalmar ta fito ƙarama, kamar tsaba a faranti.
Ta daɗe tana duban ruwa.
"Haƙuri kam mun yi, har ya tsufa a hannunmu.
Riƙe bokitin nan, bayana na ciwo."
Na riƙe.
Ta haƙa, na ɗauka, ƙasa ta ɓata mini wando har gwiwa.

Yanzu bangon ya bushe.
Ga kogin ya miƙe fari daga taga zuwa ƙofa,
ga guza, ga sawun jimina,
ga tafin hannu goma sha bakwai.
Can ƙasa, kusa da famfo,
akwai wani babba, mai karkataccen ɗan yatsa.
Ita ta danna shi da kanta, da ƙarfi,
har sai da na ji sanyin siminti a ƙashina.

Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma tambaya ba.
Maƙwabcina Clive ya daina ɗaga mini hannu a hanya.
Talata mai zuwa za su dawo ɗibar ja.
Ban sayi sabon kwaɗo ba.
Igiya na ɗaura, saboda tumaki,
ƙullin da ko yaro zai iya kwancewa.