Jar Hondar Baba Tanimu

A Garwa, bayan kasuwa, inda nake kwance injuna
ƙarƙashin dalbejiyar da ta sha baƙin mai har ta saba,
akwai wata jar Honda jingine da bango.
Baba Tanimu ya saye ta shekarar da auduga ta yi kuɗi,
lokacin ko haƙori ban fitar ba.

Shekara goma baya, 'yan gwangwan suka zo da sikeli,
suka ɗaga ta, suka taya jaka bakwai.
Inna ta fito da muciya a hannu.
Ba don ita ba, da yau ba a yi wannan zance ba.

Jiya wani ya sauka daga jirgin Duwala,
farin takalmi, waya biyu,
dillali Hamajoda a gabansa yana washe baki.
Sau uku ya zagaya ta kamar mai sayen saniya,
ya ce miliyan ɗaya da rabi, sefa, lakadan.
Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Me ya sami ƙarfe?
Tsatsar nan dai tana salansa,
sirdin da zaren buhu na ɗinke shi,
fitilar sai an mare ta take kamawa.
Ba ta ƙara gudu ba, ba ta ƙara kyau ba.

Amma na san amsa, don da hannuna a ciki.
Goma sha ɗaya na yanka da kaina:
Yamahar malamin makaranta, Besfar tela Sali,
Mobilet ɗin mai raba wasiƙu, da sauransu.
Kilo-kilo suka hau tirela,
aka narka su, suka dawo rodi.
Suna cikin benaye yanzu, an rufe su da siminti,
kunne bai ƙara jin kukansu ba.

Ashe duk wadda na datsa
kuɗi nake ƙara wa wadda ta tsira.
Na ci tuwo da kuɗin, ban sani ba.

Kamfanin da ya ƙera ta ya manta da kamanninta.
Kabireta ɗaya, sai ka je Marwa, ka je Kusiri,
ka lallaɓi tsoho ya kwance buhu.
Sababbin da 'yan kalando ke hawa kuwa,
roba da fenti, damina uku sun zama kwando.
Ita ta sha zuwa-zuwa shekara arba'in,
ko tari ba ta yi ba.

Baƙon ya ce in tayar.
Na taka sau ɗaya, ta amsa da tsohuwar muryarta.
Sai ya juya mana baya, yana gyara tabarau.
Da ya sami baki ya ce
a kan tanki irin wannan ubansa ke kai shi makaranta a Gidar,
ƙafafunsa ba sa kai ko'ina.
Ya ƙara jaka ɗari biyu, ban roƙa ba.

To ka ji sauran amsar.
Yaran da aka ɗora a kan tanki sun yi gemu, sun yi aljihu,
iyayen sun kwanta dama.
Da tsohuwar zuma ake magani,
zumar kuwa saura cokali,
masu ciwon ba su ragu ba.

Kwanon ɗakina yana yoyo.
Dudu tana jami'a a Ngaundare, kuɗin zango ya zo.
Hamajoda har ya lissafa la'adarsa da yatsu.
Na ce su dawo bayan Juma'a.

Da dare na hau ta, na haye gadar Binuwai,
na tsaya ina jin injin yana huci a cinyata.
Da na dawo na faɗa wa Inna kuɗin.
Ta sa bakin mayafi ta goge tankin,
ba ta ce komai ba.

Yau da asuba saƙo ya shigo: ya cika biyu.
Wayar tana ruri a aljihuna tun hantsi,
hannuna duk baƙin mai,
ban ɗaga ba.