Lissafin Kwana Biyar

Daren Laraba, Bariloche ta yi tsit.
Ni da fensir da bayan takardar kuɗin wuta.
Mutum shida, kwana biyar a bakin tafki,
inda ba soket, ba firji, ba kanti,
sai iskar da ke gangarowa daga kan ƙanƙara.

Nahuel, ɗan ƙanwata, ba ya shiri da alkama.
Ɓarɓashin burodi a bakin wuƙa
ya isa ya kwantar da shi, dafe da ciki, har jibi.
Wuƙarsa daban, na ɗaura mata jan zare.
Garin masararsa a gwangwani mai murfi,
na rubuta sunansa a sama, na sake rubutawa a gefe.

Ludmila ba ta cin abin da ya taɓa numfashi,
ko abin da aka tatsa, ko abin da kaza ta saka.
Zuma ma, ta ce, gumin ƙudan ne, ba namu ba.
To. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.
Wake mai saurin nuna, busasshen tumatir, man zaitun.

Tsoho Baltasar da ciwon suga,
cikinsa agogo ne, ba ya jiran a kafa tanti.
Dabino uku a aljihun hagu, maganin jiri.
Ruwan allurarsa ba ya son zafi,
zan naɗe shi a jiƙaƙƙiyar safa
in rataye a inuwa, iska ta yi sauran.

Itati kuwa, gyaɗa ko da ƙamshinta
sai maƙoshi ya rufe kamar an ja zuge.
Na sa tabarau na bi bayan kowace leda,
ƙananan rubutun nan da ake ɓoye gaskiya a ciki.
Biskit biyu sun faɗi jarrabawa.

Fermin yana cin komai.
Shi ne babbar matsalata.

Dokar daji ɗaya ce:
abin da ya fi gaggawar mutuwa shi ake fara binnewa a ciki.
Daren farko nama, zai bar gida a daskare,
ya narke a bayan Fermin muna hawa.
Washegari ƙwai, da cuku mai tauri a naɗe cikin tsumma.
Daga nan sai masu haƙuri:
kabeji, karas, albasa, dankali da ƙasarsa.
Rana ta huɗu shinkafa da kifin gwangwani,
a ɗebi ta Ludmila kafin a buɗe kifin.
Rana ta biyar, abin da ya rage,
da ganyen mate, don a manta yunwa da hira.

Bara mun ba rafi ajiyar man shanu,
a kwalba, da igiya, da dutse a kai.
Rafi ya riƙe amana.
Yanyawa ce ba ta san da yarjejeniyar ba.
Da safe igiya muka tarar, tana rawa a ruwa.

Evaristo ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

Shekara goma sha takwas shi ke wannan lissafi,
a tsaye, yana fito, ba ya ko gogewa.
Shi ya san wa ke ƙin gishiri, wa ke tashi da yunwa ƙarfe uku.
Ni ban taɓa tambaya ba. Ci kawai nake.

Ƙarfe ɗaya saura. Na jera kaya a kan tebur,
tukunya biyu, ashana a leda, kofuna.
Na ƙirga cokula.
Bakwai.

Na sake ƙirgawa da yatsa, a hankali,
kamar lissafin ne zai canza ra'ayi.
Nasa ne mai lanƙwasasshiyar wuya,
wanda ya taɓa tone turken tanti da shi.

Cokali ba shi da nauyi.
Na tura shi can ƙasan jaka, kusa da gishiri,
na ja igiya, na kashe fitila.