Saura Kashi Huɗu

Da na tashi daga Alta, allon mota ya rantse mini:
kilomita ɗari biyu da goma.
Gidan tsoho Heaika ɗari da arba'in ne.
Na ce har da rara.
Ban sa sanyi a lissafi ba,
shi kuwa ya sa ni a nasa.

Talatin da biyu ƙasa da sifiri.
Rana ta yi yaji tun Nuwamba,
ƙarfe biyu na yamma kamar talatainin dare.

Batir ba ya tari, ba ya nishi,
shiru yake ramewa.
In ci kilomita ɗaya a kwalta, ya ci biyu a allo.
Birkin da kan maido mini canji a gangara
yau ya ce babu canji.

Bayan Masi na zauna ciniki da jikina.
Na kashe iskar ɗumi, na bar ta kujera,
na rage gudu zuwa sittin.
Numfashina ya daskare a gilashi,
ina kankare shi da katin asibiti.
Kwalbar allurar tsohon na cusa cikin riga,
a jikin fata, gefen zuciya,
don ita ma sanyi kan kashe ta.

Sai ga bareyi, sun fi arba'in,
tsaye a tsakar titi ba mai niyyar gusawa.
Na yi ham. Suka dube ni, kallon hadarin kaji.
Minti tara. Kashi biyu.

Da kashi huɗu na shiga harabarsa.
Ya fito da fitila a goshi,
ya ja waya daga rumfar itace ya soka.
Allon ya ce: sai gobe.

"Ragnfrid," ya ce, "ƙyale ta.
Wutar farko ba ta shiga ciki,
ƙashi take gasawa tukuna.
Ni ma da safe haka nake,
sai na yi awa gaban murhu kafin ƙafa ta san ni."

Na ciro kwalbar, da sauran ɗumina a jikinta.
Ya naɗe hannun riga.
Yatsuna suka ƙi kama sirinji.

Ya tura mini kofin gahawa.
"Ke ma sai an jona ki," ya ce.
Muka zauna muna jira,
ni da shi da motar.