Tsohon Mai Karatun Mita

Shekara ashirin da bakwai na yi
ina bin Birnin Kebbi gida-gida,
daga Takalau zuwa Rafin Atiku,
biro a bayan kunne, littafi a hammata.
Na san karen da ke haushi, na san wanda ke cizo,
na san zauren da ake miƙo mini ruwan randa,
da wanda ake cewa maigida ya fita
alhali ga takalmansa a bakin ƙofa.

Mitar zamaninmu faifai gare ta,
yana juyawa a hankali kamar jakin ɗaukar yashi.
Ba ta magana sai na zo.
Na taɓa rage wa wata mai takaba lamba biyu.
Da aka tambaye ni a ofis
na ce biro ne ya zame.

Bara aka liƙa sabuwa a bangona, nan Badariya,
fara, 'yar ƙarama, da jan ido ɗaya mai ƙiftawa.
Ba ta bukatar ƙafar kowa.
Da kanta take kai rahoto,
ba sallama, ba shan ruwa, ba ina gajiya.

Yaron da ya ɗaura ta ya ce,
"Baba, wagga kamar albasar Aliero take,
kuɗin safe daban, na marece daban."
Na ce, wuta ce ko kayan gwari?
Ya yi dariya, ya saɓa tsaninsa ya wuce.

Ashe ba wasa yake ba.
Da magariba, kowa ya dawo gida,
bango na amayar da ranar da ya sha tun hantsi,
sauro ya taso daga fadama,
a nan take hawa, kamar rago a jajibirin layya.
Sai ƙarfe ɗayan dare ta sauko,
ta yi araha kamar kifin da ya wuni a faranti.

Gidana ya koma gidan jemagu.
Kulu takan tashi tsakar dare ta kunna firji,
ta jera ƙullin zoɓo da kunun aya.
Nafi'u yana gugar kayan makaranta yana gyangyaɗi,
ranar Talata ya ƙona aljihun riga.
Ni kuwa ina kan turmi da tocila,
ina karanta lambobin
da ba wanda ya aike ni in karanta.

Ba zan ci amanarta ba, ko da ta ci aikina.
Mu mun sha rubuta wa mutum kuɗin wutar
watan da ya kwana a duhu.
Ita abin da ka ci shi za ka biya.
Kulu ma ta ce ƙanƙara ta fara riba,
ta shiga adashi hannu biyu,
har tana goge mata ƙura da gefen zane.

Sai shekaranjiya.
Zazzaɓi ya kama Murja, jikata, ana kiran magariba,
jikinta kamar tandu a rana.
Na kunna fanka, na ƙure ta,
na sa a ɗebo ruwan sanyi,
na kunna ƙwan ɗaki da na tsakar gida.
Jan idon nan ya shiga ƙifce-ƙifce,
kuɗi na zuba kamar gero daga hujin buhu.

Na tsaya gabanta, tsoho da ɗan aikinsa.
Na ce, ke, yarinya ce ba lafiya.
Na duba ta sama, na duba ta ƙasa,
ina neman wurin da biro zai zame.
Babu.

Sai na cire hulata
na rataya a kan idonta,
na koma ɗaki na zauna kusa da Murja,
fanka na juyawa a kanmu.