Kofi Biyu a Obalende

Talata ce, ba biki, ba suna.
Ruwan Legas ya tsagaita da la'asar,
rufin maƙwabci na ɗiga cikin bokiti,
ɗis, ɗis, kamar mai ƙirga bashi.
Na fito da kujeru biyu baranda,
na buɗe kwalbar da 'yata Rifkatu ta aiko.

Wuski ne na Sikotilan, tsiron sha'ir zalla,
gida ɗaya ya dafa shi, ba gauraye.
Ta ce da ni a waya: Baba, na kullum ne,
kada ka ɓoye shi sai Kirsimeti
kamar yadda ka yi da takalmin nan.

Na zuba yatsa biyu.
Launin man gyaɗa sabon matsa.

Sai ga Barau ya hawo bene yana haki,
fulas ɗin shayinsa a hammata.
Shekara talatin da ɗaya muna tare,
tun ina awon kaya a tashar Apapa,
shi yana kasa turare a Idumota.
Bai taɓa sha ba, ba zai sha ba,
ni kuma ban taɓa miƙa masa ba.
Amma hanci ɗan kasuwa ne, in ji shi,
yana taya kaya ko ba zai saya ba.

Ya bar kofin a kan tebur,
ya fifito iskar da bayan hannu.
Me Turawan suka rubuta, Habila?
Na ɗora tabarau: tuffa, zuma, piya.
Piya? Wadda ake shafa wa burodi?
Na ce tasu daban ce.
Ya yi tsaki.

Ba su san kanya ba, shi ya sa.
Wannan kanya ce da ta nuna ta faɗo da kanta.
Bayanta gwandar daji,
sai ɓawon goruba, kaɗan,
can ƙasa kuma akwatin katako
da aka daɗe ana ajiye dabino a ciki.

Na kurɓa.
Bai shigo da faɗa ba.
Ogogoron da muka sha a Apapa muna samari
shigar ɗan sanda yake yi, ba sallama.
Wannan ya cire takalmi a bakin ƙofa,
ya zauna a harshe da zaƙin mangwaro,
ɗan ɗumin citta ya biyo baya,
sannan ya tashi da wuri,
baƙon da ya san mai gida na da aiki gobe.

Na ɗiga masa ruwa, ya saki jiki.
A kurɓa ta biyu na same ta, kanyar.
Bayan dutsen Wusasa take,
yayana Dogara yana sama yana girgiza reshe,
ni ina ƙasa da buɗaɗɗiyar riga.
Shekara tara ke nan da muka rufe shi.
Ban faɗa wa Barau ba.
Ya dube ni, ya zuba shayinsa,
ya ce sukari ya yi tsada.

A ƙasa danfo biyu sun goga juna,
direbobi sun fito da zagi cikin Yarbanci,
mai suya ya hura gawayi,
hayaƙi ya hawo ya leƙa kofina.
Wuta ta dawo, unguwa ta ɗau ihu,
janareta suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

Ladan ya kira magariba.
Barau ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara.
A bakin bene ya juyo:
Ka rubuta musu su gyara takardar.

Na rufe kwalba,
na sa farce na yi alama inda ya tsaya.
Gobe Laraba ce,
ita ma ba biki, ba suna.