Saba'in Suka Shiga

Daren da aka ɗauke wuta a Dakata
na dawo daga gidan bulo, siminti ya cinye min tafin hannu,
na tarar da Kaka Tambai a tsakar gida
tana tsince tsakuwa a gero, da lalube.

Na ce, Kaka, yau ma ba a sallame mu ba.
Ɗari uku muka buga. Gobe wai ɗari huɗu,
kuma ba za a ƙara buhu ba.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, Nomau, zauna.
Ba a kanka aka fara buga tubali da yunwa ba.
Ƙirga min ƙwaya saba'in.

Na ƙirga a hasken waya.
Ko cokalin shayi ba su cika ba.

Ta ce, to haka suka shiga Masar,
gidan Yakubu kaf, da jakai da buhunan wofi,
fari na binsu a baya.
Ba su da gona, ba su da rijiya,
sai magana ɗaya da suka gada:
wani dare an fito da kakansu Ibrahim waje,
tsoho tukuf, ko ɗan aike ba shi da shi daga cikinsa,
aka ce ya ɗaga kai ya ƙidaya.
Matarsa ma sai da ta yi dariya.

Na ɗaga kai ni ma.
Rabona da ganin taurarin Kano haka, na manta.

Ta ce, sai suka yaɗu kamar yaɗiya a jikin danga.
Fir'auna ya leƙo, barci ya ƙaurace masa.
Ya ba su laka, ya hana su ramno,
ya tsayar da mai bulala a bakin kowane rami.
Amma ka san zogale:
inda ka sare shi, nan yake tsaga biyu.

Sai ya kira ungozomomi.
Nan Kaka ta ajiye faifai, ta yi dariya har da tari,
ita da ta shekara arba'in tana yankan cibi
daga Gama har Tudun Murtala.
Ta ce, sarkin nan bai san mu ba.
Hannun da ya tari kan jariri
ba ya koyon shaƙe wuya.

Na ce, Kaka, to waɗanda suka mutu a tsakiya fa?
Wanda aka haifa cikin laka, aka binne cikin laka,
bai ga teku ta tsage ba, bai ga komai ba.
Shi ina nasa alkawarin?

Ta daɗe shiru.
Janareton maƙwabta ya yi tari ya mutu.

Ta ce, ban sani ba duka.
Amma ya ji kukan jariri a bukkar kusa,
kuma kowane kuka zubi ne, kamar na adashi.
Mai riƙon adashin nan bai taɓa gudu da kuɗin kowa ba,
kwasar ce dai ba ranar da muke so take zuwa ba.

Mu biyar muka sauka a Kano, a bayan motar gyaɗa,
ɗaki ɗaya, tabarma biyu.
Kakanka Barau bai ga ko auren fari ba.
Yanzu ƙirga mu.

Na fara da gidan Kande, na bi ta na Cindo,
na haura sittin, na ɓata a 'yan Kaduna.
Ta ce, ka manta tagwayen Gwamma.

Can aka buga ƙyaure da ƙarfi:
Iya, ki taimaka, faya ta fashe!

Ta miƙe a hankali, gwiwa na ƙara,
ta watsa saba'in ɗin nan gindin katanga
inda ruwan wanke-wanke ke bi.
Ta ce, ɗauko min sabuwar reza da zare,
ka riƙe min wayar nan, ka haska hanya.